Yadda ake zaɓen shimfiɗar ƙarƙashin laminet a ɗakin siminti

Kafin ka hau mota zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen soson da ake shimfiɗawa ƙarƙashin laminet, fara durƙusawa ka duba daɓen ɗakinka. Laminet garin itace ne da aka matse da gam, aka lulluɓe samansa da zanen katako. Ba a kafa masa ƙusa, ba a manna shi, kwanciya kawai yake yi a kan abin da ka shimfiɗa masa, kuma ba ya shiri da danshi ko kaɗan.

Yanki leda rabin mita kowane gefe, ka manne bakinta da salatif a kan simintin, ka bar ta kwana biyu ko uku. In ka ɗaga ka tarar ta yi gumi, ko wurin ya yi duhu, dakata. Sabon daɓe mai kaurin santimita 5 yana cin kusan wata biyu kafin ya bushe har ciki. Birkila zai ce maka sati ɗaya ya isa, amma shi tayil ya saba ɗorawa.

To ko gwajin ya fito a bushe, kada ka yarda da shi ɗari bisa ɗari. Nan na sha kashi. Ɗakin amaryar ƙanina ne, a wani ƙauye ta wajen Auyo. Cikin Maris muka yi aikin, ƙasa ta bushe ƙayau, sai na shimfiɗa farin soso kai tsaye a kan siminti don in rage kuɗin leda. Da Agusta ta zo fadama ta cika, danshi ya taso ta ƙasa. Bakin allunan ya kumbura ya yi tozo, ƙofa ta fara gogar ƙasa, ɗaki yana warin ruma duk turaren wutar da take sawa. Ranar da muka ɗaga allon farko, bayansa ya yi baƙi ƙirin. Yarinyar cewa kawai ta yi, "Yaya, ni fa ban zubar da ruwa ba." Gaskiyarta. Kuma laminet in ya kumbura ba ya komawa, sai canji.

Saboda haka leda dole ce a kan siminti, musamman yankin Haɗeja, Ringim da duk inda rijiya ba ta da zurfi. Nemi mai kaurin milimita 0.2, irin wadda ake sawa ƙarƙashin kankare. Share ɗakin tas tukuna, tsakuwa ɗaya ta isa ta huda ta. Inda falle biyu suka haɗu, ɗora ɗaya kan ɗaya santimita 20, ka bi da salatif mai faɗi, ka ɗaga bakinta ya hau bango kamar santimita 5, sikatin, wato katakon da ake bi da gindin bango, zai rufe. Akwai soso mai azurfa a baya wanda ake cewa ya haɗa aikin biyu. Ya fi tsada, kuma ni ko da shi sai na sa ledata.

Soson kansa milimita 2 zuwa 3 ya isa. Masu gida suna son mai kauri, wai a ji taushi, har wani ya kawo maka soson kafet ko ya ce a ninka biyu. Kada ka yarda. Allunan a sarƙe suke da juna ta siririn baki, in ƙasa tana lotsawa wannan bakin ne ke karyewa. Kuma soso ba ya gyara rami. Ɗora miƙaƙƙen katako mai mita 2, in ka ga ɓuli ya wuce milimita 3, cike shi da siminti ya bushe. Akwai wata shimfiɗa ta allon garin itace, amma ba na kawo ta ƙauye, abincin gara ce. Shimfiɗu masu rage ƙarar tafiya kuwa aikin bene ne. In laminet ɗinka ya zo da soso manne a bayansa, leda kawai za ka sa.

Sauran ba wuya. Soso baki da baki ake haɗa shi, ba a ɗora shi kan juna. Shimfiɗa layi ɗaya, jera alluna, sannan ka ƙara. Kwalayen allunan su kwana biyu a kwance cikin ɗakin kafin a buɗe, kuma ka bar milimita 8 zuwa 10 tsakanin allo da bango. Ka faɗa wa matar gida ta riƙa matse tsumma sosai, buta kuma ta zauna a waje.