Yadda Nake Adana Fayilolina Tun Ranar da Faifan Kwamfutata Ya Mutu

Muryar kakata na rasa. Na yi wata uku ina zama da ita ina naɗar hirarmu, tana ba ni labarin iyayenta da ƙuruciyarta, har na tara fayil 26 a kwamfutata. Shekara ɗaya bayan rasuwarta, wata safiya na kunna kwamfutar sai na ji cikinta yana ƙas-ƙas-ƙas, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ban tayar da hankali ba, don na san ina da kwafi a filash. Da na soka filash ɗin a wata kwamfutar, ashe ba fayilolin na kwafa ba, 'yan alamomin nan ne masu kibiya a gefe, waɗanda aikinsu nuna hanyar inda fayil yake kawai. Kowace nauyinta bai wuce kilobayt biyu ba. Mai gyara ya yi iya ƙoƙarinsa, daga ƙarshe ya ce mini allurar da ke karanta faifan ta karce shi, sai haƙuri.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da nake yi tun daga ranar, kuma ina roƙonka ka fara yau, kada ka bari sai ƙarshen mako.

Ka fara sanin cewa duk abin ajiya mutuwa yake yi. Tsohon faifai mai juyawa yana zagaye sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, allurarsa tana shawagi dab da fuskarsa, don haka faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta isa ta gama da shi. Sabon samfurin da ake kira SSD ba shi da abin da ke motsi, ya fi jure bugu, amma shi in zai tafi sau da yawa ba ya ko sallama. Ga sata, ga ruwa, ga gobara, ga kuma hannunka da zai iya goge folda bisa kuskure.

Ƙa'idar da na riƙe ita ce ta 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku na duk abin da ba ka son rasawa, a kan kayan ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki kuma yana wani wuri daban da inda kwamfutarka take. Na kan kwamfutar shi ne na farko.

Kafin ka sayi komai, zauna ka tattara kayanka. Wannan shi ne aikin da ya fi cin rai, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Tambayi kanka: me zan rasa da ba zan iya sake samowa ba? Manhaja ana sake saukewa. Hotunan yara, takardun makaranta, rasiɗai, rubutun da ka yi wata shida a kansa, waɗannan babu mai ba ka su. Bi su ɗaya bayan ɗaya: kan allo, foldar da abin da ka sauke daga intanet ke faɗawa, memorin kyamara, wayarka. Ni da na yi wannan binciken na tarar da takardun aikina a warwatse a wuri biyar. Haɗa su cikin foldodin takardu, hotuna da bidiyo da kwamfutar ta zo da su, sannan ka duba nauyinsu gaba ɗaya.

Kwafi na biyu faifan waje ne, mai jonuwa ta USB. Nemi wanda ya ninka kayanka aƙalla sau biyu, don tsofaffin kwafi su samu wurin zama. Filash ba na wannan aikin ba ne. Na ɗaukar fayil daga nan zuwa can ne, saurin ɓata gare shi, saurin lalacewa kuma. Kada kuma ka dogara da ƙwaƙwalwarka wajen kwafa da hannu, domin sati biyu za ka yi da himma, a na uku ka manta. Bar wa kwamfuta aikin. A Windows akwai File History, za ka same shi cikin Control Panel. Ka zaɓi faifan, ka kunna, shi ke nan yana ɗaukar duk abin da ya canza sa'a-sa'a muddin faifan yana jone. Manyan foldodin nan yake kula da su, shi ya sa na ce ka tattara kayanka a cikinsu. A Mac akwai Time Machine tun 2007, yana riƙe kwafin kowace sa'a na kwana ɗaya, na kowace rana na wata guda, sannan na kowane mako har faifan ya cika. Ka yi hattara, yana iya neman ya share faifan kafin ya fara, don haka ba shi wanda babu komai a ciki.

Akwai abin da nake yi da wasu ke ganin wahala ce: in kwafi ya kammala, cire faifan nake yi in ajiye. Dalili shi ne manhajar garkuwa da fayiloli, wadda ke kulle komai ta nemi kuɗin fansa. A watan Mayun 2017 wadda ake kira WannaCry ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya. Irin wannan manhaja ba ta tsayawa a faifan ciki, duk abin da ta tarar a jone da shi take haɗawa. Ni ranar Lahadi da dare nake jonawa, da kuma duk ranar da na yi aiki mai yawa. Kuma ba ya kwana a jaka ɗaya da kwamfutar, don ɓarawo jakar gaba ɗaya yake ɗauka.

Kwafi na uku shi ne na nesa. Mafi sauƙi ma'ajiyar intanet: Google Drive yana ba da gigabayt 15 kyauta, amma tare da Gmail da hotunanka ake lissafin, OneDrive da iCloud biyar-biyar, Dropbox biyu. Bai isa bidiyo ba, ya isa takardu da zaɓaɓɓun hotuna. Sai dai a nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Waɗannan manhajoji kamar madubi suke: in ka goge fayil a kwamfuta, can ma ya tafi, in ya lalace a nan, lalataccen ne zai hau. A Google Drive abin da ka goge kwana 30 yake yi a kwandon shara, daga nan babu shi. Kuma Google na iya rufe asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa ba. Don haka ka ɗauki ma'ajiyar intanet abokiyar faifan waje, kada ta maye gurbinsa. Idan intanet ɗinka ba shi da ƙarfi ko kayanka sun yi yawa, sayi faifai na biyu ka ajiye a wurin wanda ka amince da shi, kana musanya su wata-wata. Irin wannan faifan ka kulle shi, da BitLocker idan Windows ɗinka na da shi, ko ka zaɓi kullewa a Time Machine. Kalmar sirrin, da lambobin nan 48 da BitLocker ke bayarwa, rubuta su a takarda, don in suka ɓace kai ma ba ka da hanyar shiga.

Saura gwaji, wato abin da da na yi shi da muryar kakata na nan. Duk wata uku nakan zaɓi fayil uku ba tare da tsari ba, hoto ɗaya, takarda ɗaya, sauti ɗaya, in dawo da su daga faifan waje, in buɗe su. Ba ganin suna kawai ba: in karanta takardar, in saurari sautin har tsakiyarsa, in duba nauyinsa ko ya yi daidai da na asali. Sannan in shiga ma'ajiyar intanet daga wata na'urar daban, don in tabbatar ban manta kalmar sirri ba, kuma aikin makon jiya ya hau. Minti goma ne. Sau ɗaya wannan gwajin ya nuna mini kwafin ya tsaya tun wata biyu da suka wuce saboda faifan ya cika, ban ga sanarwar ba.

Cikin hirarraki 26 ɗin nan, guda ɗaya ta tsira, mai minti goma sha ɗaya, wadda na taɓa tura wa ƙanwata ta imel. Kakata tana bayanin yadda mahaifinta ya koya mata ƙirga, tana dariya a tsakiya. Yanzu tana kan kwamfutata, tana faifan waje, tana intanet, kuma ita nake fara buɗewa duk ranar gwaji.