Kurakuran da aka fi yi wajen rubuta huk mai naɗe kwamfonen a React

Ƙanena da ke haɗa wa 'yan atamfa na Kantin Kwari manhajar lissafin kaya ya zo mini ranar Asabar ransa a ɓace. Ka taɓa akwatin farashi, ka buga lamba ɗaya, sai kibod ya sauka. Ka sake taɓawa, ka buga ta biyu, ya sake sauka. Kafin ka rubuta 45,000 ka dangwali allo sau biyar. "Yaya, wayar ce ta samu matsala," in ji shi, har yana shirin kai ta Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano.

Wayar lafiyarta ƙalau. Da React ya gina manhajar, wato kayan aikin JavaScript na haɗa fuskar manhaja daga ƙananan sassa da ake kira kwamfonen. Huk kuwa guntun kod ne da kwamfonen ke kira don riƙe bayanai da sarrafa su. Huk ɗinsa ne, useAkwati, ya ƙirƙiri kwamfonen na akwatin farashin a cikin cikinsa yana dawo da shi. Duk sanda aka sake zana shafi, kamar in an buga lamba, huk ɗin na sake gudana, sai a haifi sabon kwamfonen. Shi kuwa React ba ruwansa da kamanni ko suna, tambayarsa ɗaya ce: wannan shi ne na ɗazu? Da ya ga ba shi ba ne sai ya rushe tsohon da duk abin da ke ciki, ya gina sabo, shi ya sa kibod ke sauka. Tun da huk ya fito a React 16.8 a shekarar 2019, ban ga kuskuren da ke cin lokacin mutane kamar wannan ba. Gyaran: fitar da kwamfonen ɗin waje a rubuta shi sau ɗaya, huk ya riƙa dawo da bayanai kawai, kamar value (abin da ke cikin akwatin) da onChange (abin da za a yi in ya canza). Wasu kan lulluɓe kwamfonen ɗin da useMemo, huk mai ajiye abu don kada a sake ƙirƙirarsa. Faci ne, domin React bai yi alkawarin riƙe abin da useMemo ya ajiye har abada ba.

Kuskure na biyu shi ne kiran huk a cikin if (sharaɗi) ko map (bin jerin abubuwa ɗaya bayan ɗaya). React da jeri yake gane su, na farko, na biyu, na uku. In jerin ya canza lissafinsa ya rikice. Gyaran: in da map kake jera abubuwa, kowane layi a ba shi kwamfonen nasa, a kira huk ɗin a can. Sa eslint-plugin-react-hooks, mai duba kurakuran kod, zai kama maka wannan, muddin sunan huk ɗin ya fara da use.

Wasu kuma na zaton in kwamfonen biyu suka kira huk ɗaya, ajiyarsu ɗaya ce. A'a, kowane kira da tasa. In tarayya ake so, Context ne, hanyar React ta raba bayani ɗaya ga kwamfonen da yawa.

Na ƙarshen nan ya fi ba ni tsoro, saboda kuɗin mutane ne. Huk ɗin ƙanen nawa yakan sa wa farashi waƙafi don ya yi kyau a ido, sai ya ajiye shi a haka. Wajen tarawa, parseFloat, mai mayar da rubutu lamba, ya ga "45,000" ya tsaya a waƙafin, ya ba da 45. Lambar a bar ta lamba. A ƙawata ta da Intl.NumberFormat, mai tsara lambobi a JavaScript, lokacin nunawa kaɗai. Allah ya so bai kai wa 'yan atamfar manhajar ba tukuna, da turmin atamfa ya koma naira 45.