Kurakuran da 'yan Kweka ke yi wajen jawo baƙi

'Yan Kweka na Ingila, Kiristocin nan masu kiran kansu Abokai, mutanen kirki ne amma ɓuyansu ya yi yawa, kuma gaskiya abin na damuna. Wai tunda basa son tilasta wa kowa addini sai su bar ƙofa a buɗe su zauna jiran mai shigowa. Toh wa zai shiga gidan da bai san da shi ba? Ba haka magabatansu suka yi ba fa, a 1652 George Fox ya tsaya kan dutse a Firbank Fell ya yi wa mutum wajen dubu wa'azi, Mary Fisher kuwa da ta fara da aikatau har gaban Sarkin Usmaniyya na Turkiyya Mehmed na 4 ta je a 1658. Gyaran ba wuya, a kafa allo a bakin titi da lokacin taro, a sa a intanet, kowa ya gayyaci maƙwabcinsa da bakinsa.

Sai kuma baƙon ya zo a barshi cikin shirun awa guda, ba fasto ba waƙa, ba wanda ya gaya masa me ake ciki, ai dole ya takura. Minti biyu a bakin ƙofa sun isa a ce masa: shiru za mu yi muna sauraron Allah, wanda magana ta zo masa zai miƙe ya faɗa, in ka ga an fara musabaha an tashi kenan.

Wanda ya fi min ciwo shine a tambayi mutum me ya yi imani da shi sai ya ɗauko tarihi, yaƙin da suka yi da cinikin bayi, kyautar Nobel da aka ba su a 1947, yadda ɗan Kweka Adam Curle ya riƙa kai saƙo tsakanin Gowon da Ojukwu lokacin yaƙin basasa. Duk gaskiya ne amma baƙon kai yake tambaya, me shirun nan yake maka? Shiyasa nake son tsarin Quaker Quest da aka fara a Landan a 2002, mutum uku ne za su faɗi abinda suka gani a rayuwarsu sannan a ɗan yi shiru tare.

A daina cewa Kweka basu da fasto. Kenya ce ta fi ko'ina yawansu, a Kaimosi aka soma a 1902, kuma can akwai fasto akwai waƙa.

In baƙon ya dawo sati na biyu kar a ɗora masa aikin kwamiti don Allah, a zuba masa shayi a riƙe sunansa.