Yadda Ake Haɗa Tarihin Mazaɓar Ɗan Majalisar Jiha a Filato

Duk mai son rubuta tarihin siyasar mazaɓarsa, ɗalibi ne ko ɗan jarida ko mai shirin takara, ya fara da tantance iyakarta kafin ya nemi sunan kowa. Jihar Filato ta fito daga Binuwai-Filato a 1976, kuma har zuwa 1996 Lafiya da Keffi da Akwanga suna cikinta. A 1991 ne aka raba ƙaramar hukumar Jos, aka samar da Jos ta Arewa da Jos ta Kudu. Saboda haka "ɗan majalisa mai wakiltar Jos" na 1979 ba yankin da kake tsammani yake wakilta ba.

Yau majalisar Filato kujeru 24 gare ta, a ƙananan hukumomi 17. Sashe na 91 na tsarin mulkin 1999 ya ce kujerun majalisar jiha su ninka na wakilanta na tarayya sau uku ko huɗu, kada su gaza 24 ko su wuce 40. Filato na da wakilai 8. Jos ta Arewa tana da mazaɓu biyu, Jos North-North da Jos North-West, kan gundumomin INEC 14, ciki har da Gangare, Ali Kazaure, Sarkin Arab, Naraguta A da B, Jenta Adamu da Tudun Wada-Kabong. Je ofishin INEC ka karɓi jerin gundumomin da ke ƙarƙashin mazaɓarka a rubuce. Kada ka ɗauki na PLASIEC, hukumar zaɓen ƙananan hukumomi, don rabon gundumominta daban yake, kuma nan lissafin mutane da yawa ke rushewa.

Sai ka ja layuka a littafi, kowace majalisa da layinta. Ta farko ta zauna daga 1979, lokacin Solomon Lar na NPP. Ta biyu wata uku kawai ta yi, sojoji suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba 1983. Ta uku ta zo a 1992 zamanin SDP da NRC, Abacha ya rushe ta a Nuwamba 1993. Ta 1999 ita ce ta huɗu, ta 2023 ta goma. A gaban kowane layi ka buɗe gida huɗu: wanda hukumar zaɓe ta ayyana, wanda aka rantsar, jam'iyyar da ya shiga da ita, da wadda ya fita da ita.

Waɗannan gidaje su ne gishirin aikin, domin a Filato cin zaɓe daban, zama a kujera daban. Ranar 18 ga Mayu 2004 Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye da majalisar baki ɗaya, Chris Alli ya riƙe jihar wata shida. Wanda ya rubuta "2003 zuwa 2007" bai saka wannan giɓin ba ya ɓoye wa mai karatu babban abu. Haka bayan zaɓen 18 ga Maris 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta sauke 'yan majalisa 16 na PDP kan batun shugabancin jam'iyyar a jihar. A Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da Gwamna Caleb Mutfwang, wanda shi ma kotun ɗaukaka ƙara ta sauke kan wannan batu, amma hukuncin bai mayar da su ba, don shari'ar zaɓen majalisar jiha a kotun ɗaukaka ƙara take ƙarewa. Idan mazaɓarka na cikin waɗannan, sunan da ke takardar sakamako ba zai zo ɗaya da na rajistar majalisa ba. Rubuta duka biyun, da ranar hukunci da ranar rantsuwa. Ranar rantsuwa a ofishin akawun majalisa ake samunta.

Ƙuri'u kuwa, tushensu fom ɗin sakamako EC8A na kowace rumfa, sai EC8B na gunduma. Daga 2020 INEC na ɗora hotunan EC8A a IReV, shafinta na duba sakamako a intanet. Na shekarun baya sai ka rubuta takarda ga Kwamishinan Zaɓe na jiha a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Faɗi shekara da mazaɓa da sunan fom ɗin, ka ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Tsofaffin ejan-ejan na jam'iyya ma kan adana kwafinsu, a ninke cikin leda, tawada ta kusa gogewa. Shimfiɗa takardar a hasken rana ka ɗauki hoto, ka duba lambar rumfa da sa hannun jami'in zaɓe, ka tara ƙuri'un jam'iyyu da waɗanda suka lalace ka ga ko sun yi daidai da jimillar. Ka tuna a 2021 an ƙara rumfuna a ƙasar suka kai 176,846, don haka kwatanta 2019 da 2023 a matakin gunduma za ka yi.

Na zamanin FEDECO da NEC, hukumomin zaɓe na kafin INEC, tsofaffin jaridu ne madogara: Nigeria Standard ta nan Jos, da New Nigerian, da Gaskiya Ta Fi Kwabo. Sunan jam'iyya kuma ka bar shi yadda yake a shekarar. Wanda ya ci a APP ko ANPP ba ɗan APC ba ne, don sai 2013 aka kafa ta.

Dattawan unguwa su za su gaya maka yadda aka yi fidda gwani da wanda ya janye wa wani, abin da takarda ba ta ɗauka. Amma garin da ya ga rikicin Satumbar 2001 da na Nuwambar 2008 kamar Jos, kowane ɓangare da yadda yake ba da labari. Ka ji daga Gangare, ka ji daga Kabong, ka ji daga wanda ya faɗi zaɓe. Zargin maguɗi da kotu ba ta tabbatar ba, ka rubuta shi a matsayin zargi, tare da bayyana ɓangaren da ya yi shi da shekarar da aka yi.