Yadda ake shirya wasan Dido da Aeneas da matasan mawaƙa

Wannan opera (wasan kwaikwayo da ake rerawa da waƙa) ta Henry Purcell, mai tsara kiɗa ɗan Ingila, kusan awa ɗaya ce kacal, kuma wajajen 1689 ɗaliban makarantar 'yan mata ta Josias Priest da ke Chelsea a Landan sun yi ta. Shi ya sa malamai ke ɗauka abu ne mai sauƙi. Na sha ganin an yi mata wannan kallo an ji kunya.

Fara da zaɓen Dido, sarauniyar Kartaj, tsohon birni a Arewacin Afirka. Kada ka ba mai babbar murya. Nemi mai dogon numfashi, wadda za ta iya tsayawa cak ba ta wasa da hannu. Mai zaƙin murya da saurin harshe ka ba ta Belinda, aminiyar Dido, don aikinta a babi na farko ba kaɗan ba ne. Aeneas, masoyin Dido da ya tafi ya bar ta, waƙarsa ba yawa, saurayi mai natsuwa ya isa.

Daga nan, tun ranar farko, ku kama waƙar makokin da Dido take yi kafin ta mutu. Ni a nan na sha kashi. Na ajiye ta sai makon ƙarshe, yarinyar ta zo tana jan ta a hankali don a ji tausayi, numfashi ya yanke mata daidai inda murya ke hawa sama tana roƙon a tuna da ita. Hawaye ya zo, waƙa ta watse.

Ginshiƙin waƙar yana ƙasa, ba a bakin Dido ba. Akwai kiɗa mai kauri, gaɓa biyar, da yake gangarowa taki-taki yana maimaita kansa har sau 11. Ka sa mawaƙiyar ta rera wannan kiɗan da bakinta, tana tafiya a ɗaki, har ya zauna mata a ƙafa. Sai bayan haka ta ɗora kalmomi. Za ta gane cewa jimlolinta ba sa ƙarewa tare da kiɗan, tsallake shi suke yi, kuma ciwon da mai sauraro ke ji daga nan yake fitowa. Ku sa alama da fensir a duk inda za ta ja numfashi. A wurina doka ce: Dido ba ta kuka a dandali, 'yan kallo ne ke yi.

Hayar hafsikod, wani tsohon kayan kiɗa mai kama da fiyano, akwai tsada. Fiyanon lantarki mai irin sautinsa zai yi, amma kada ka yi rowar kuɗin mai kaɗa selo, babban gogen nan, don shi ke kaɗa kiɗan nan mai kauri da ke riƙe da Dido.

Masu fitowa a matsayin mayu, maƙiyan Dido, za su so yin ihu da ban dariya, ka hana su wuce gona da iri. Kiɗan ƙarshen babi na biyu ya ɓace, sai ka cike gurbin da wata gajeriyar rawa ta Purcell. Sutura mara ado ta wadatar. Bayan waƙar amshi ta ƙarshe, a rage fitila sannu a hankali, kowa ya tsaya a inda yake har duhu ya rufe.