Kurakuran da aka fi yi wajen ba da tarihin Pyotr Chardynin

Babban kuskuren da masu rubutu kan finafinan Rasha suke yi shi ne fara lissafi daga shahararren darakta Sergei Eisenstein da zamanin Tarayyar Sobiyet, kamar babu abin da aka yi kafin juyin juya halin 1917. Gyaran wannan shi ne a koma kamfanin Aleksandr Khanzhonkov da ke Mosko, inda darakta Pyotr Chardynin ya fara ba da umarni tun 1909, kuma a tsawon rayuwarsa ya shirya finafinai fiye da 100. Wanda ya tsallake wannan zango ba zai taɓa gane tushen da 'yan baya suka yi gini a kai ba.

Akwai kuma masu kiran Chardynin darakta kawai, su manta cewa ɗan wasan daɓe ne tun asali, wanda ya koyi sana'ar a hannun shahararren daraktan wasan daɓe Vladimir Nemirovich-Danchenko, kuma a matsayin ɗan wasa ya fara shiga harkar fim. Ko a 1918 ya fito da kansa a fim ɗinsa Molchi, grust, molchi, tare da jaruma Vera Kholodnaya.

Wurin da ya fi rikita mutane, kuma ya fi damuna, shi ne finafinai masu suna ɗaya. Chardynin ya yi Pikovaya Dama a 1910, gajeren fim da ya fi bin wasan waƙe na mai tsara kiɗa Tchaikovsky, sannan Yakov Protazanov ya yi nasa a 1916, mai tsawo, inda ɗan wasa Ivan Mozzhukhin ya ja ragama. Sau da yawa akan ɗauki yabon na biyu a jingina wa na farko, alhali tazarar shekara shida da ke tsakaninsu ita ce take nuna irin saurin da sana'ar ta yi wajen balaga. Haka labarin Kreutzer Sonata na marubuci Tolstoy: Chardynin ya mayar da shi fim a 1911, Vladimir Gardin kuma a 1914. Maganin ruɗanin shi ne a riƙa haɗa sunan fim da shekara da sunan darakta a duk inda aka ambace shi.

A kula da kwanan wata ma, domin Rasha ba ta bar tsohuwar kalanda (ta Julian) ba sai a Fabrairun 1918, kuma bambancinta da kalandar da ake amfani da ita yanzu kwana 12 ne a ƙarni na 19, kwana 13 a ƙarni na 20.

Daga ƙarshe, kada a saka Chardynin cikin waɗanda suka yi hijira suka ƙare rayuwarsu a waje, irin su Mozzhukhin da ya rasu a Faransa. Chardynin ya bar ƙasar a 1920, amma bayan 'yan shekaru ya dawo ya ci gaba da aiki a Odesa, inda ya yi fim kan mawaƙin Yukiren Taras Shevchenko a 1926, kuma a birnin ya rasu a 1934.