Ƙumar kaji: kurakuran da ke sa a yi ta feshi ba ta ƙarewa

Kaza ba ta ƙin ɗakinta haka kawai. Idan magariba ta yi ka ga kajinka sun yi cirko-cirko a bakin akurki, wasu na neman hawa katanga ko reshen mangwaro, kada ka ɗauki sanda ka kora su ciki. Akwai abin da ke cin su da daddare. Ni sai da wata kazata mai kwanci ta tashi ta bar ƙwai 11, saura kwana biyar ta cika kwana 21 ɗinta, sannan na yarda ƙuma ta ci gidan. Na zura hannu a kwandon zan kwashe ƙwan, kafin in zaro shi wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa kamar garin barkono sun hau har gwiwar hannuna.

Abin da na yi a ranar shi kusan kowa ke yi, kuma shi ne babban kuskuren. Na kama kajin ɗaya bayan ɗaya, na barbaɗa musu magani a ƙarƙashin fiffike, na mayar da su cikin akurkin da ban taɓa komai nasa ba. Ashe jar ƙumar nan a jikin ɗaki take zaune. Da rana tana ɓuya a tsagar katako, da ramin ƙusa, da mahaɗar sandar da kaji ke kwana a kai, da tsakanin bulon da ba a yi wa filasta ba. Dare na yi ta fito ta sha jini ta koma. Shi ya sa za ka bincike kaza tsaf da hantsi ba ka ga komai ba, alhali zankonta ya koɗe ya yi fari-fari, ƙwai ya ragu, 'yan tsaki na mutuwa ɗaya-ɗaya, kai kuma kana ta zuba maganin mura a ruwan sha.

Gane ta ba wuya. Bayan sallar isha'i ɗauki tocila da farin ƙyalle, ka goga ƙarƙashin sandar kwanansu. In ka ga jan zane a ƙyallen, jinin kajinka ne. Ko ka naɗe guntun kwali ka ɗaure a jikin sandar, da safe ka ɓare shi ka gani da idonka. Wani toka-tokan gari da ke taruwa a bakin tsaga shi ma kashinta ne.

To gyaran ɗaki ake yi. A fitar da kajin da safe, a kwashe garin katako ko ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa, da ciyawar wurin kwanci, a ƙone. Kada a jibge shi bayan akurki wai za a kai gona in damina ta faɗi, daga nan za ta sake tattakowa. A cire sanduna da akwatunan ƙwai a kankare su, a kwarara tafasasshen ruwa da sabulu a duk wata tsaga, domin zafin da ya haura digiri 45 yana kashe ta. Sai wuri ya bushe a yi feshin, ana cusa bakin famfo lungu da saƙo har ƙarƙashin kwano. Feshin tsakiyar bango, inda ido ke gani, asarar magani ce. Daga baya a toshe tsagogin da siminti a shafe bangon da farar ƙasa. Katakon da ya riga ya ruɓe kuwa, murhu ya fi dacewa da shi.

Wani kuskuren kuma shi ne a yi feshi sau ɗaya a naɗe hannu. A yanayi mai ɗumi da laima irin na daminar Kaduna, daga ƙwai zuwa babbar ƙuma mai saka nata ƙwan bai wuce kamar kwana 7 ba, kuma yawancin magunguna ba sa kashe ƙwan da ke can cikin tsaga. Ka fesa yau, wuri ya yi tsit, bayan mako biyu ka dawo kana cewa jabu aka sayar maka. Wataƙila maganin lafiyarsa ƙalau. A maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, a ƙara na uku in ƙyalle bai daina nuna ja ba. Masu cewa a rufe akurki wata guda yunwa ta kashe ta su ma su haƙura: tana iya yin wata 8 ba ta sha jini ba, tana nan tana jiran sabon zubi.

Kuma ba duk abin da ke yawo a jikin kaza ne iri ɗaya ba, ko da yake duk mukan haɗa mu ce ƙuma. Akwai wadda ke zama a gashin da ke kewaye da dubura har ya yi baƙi-baƙi, ita tana bukatar hodar magani a jikin kazar da kuma wurin kwancinta. Ƙwarƙwata ta fi girma, ruwan ƙasa-ƙasa ce, tana manna ƙwayayenta a gindin gashi. Akwai baƙaƙen da ke maƙalewa a gefen ido da zanko ba sa motsi, su basilin ake shafa musu a hankali. Ita kuwa kazar da ƙafarta ta yi ɓawo ta kumbura kamar busasshen itace, wata 'yar ƙuma ce ke haƙa a ƙarƙashin ɓawon. A jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi da sabulu, a tsane, a cika ta da basilin ko man kaɗanya duk bayan kwana biyu ko uku har 'yan makonni. Kada a ɓamɓare ɓawon, jini zai yi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne fiya-fiya. Wata maƙwabciyata a Rigasa ta leƙo ta ce, "Malam, ai ɗan ɗiga musu za ka yi a ƙeya, ni haka nake yi." Na ce, "Hajiya, ƙwan da jikokinki ke ci fa?" Ta yi shiru. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper guba ne mai shiga ta fata da numfashi, yana iya kashe kazar, yana iya kwantar da mai fesawa a rufaffen ɗaki. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da Sniper barkatai a kasuwa. Kananzir da baƙin mai su ma ƙona fatar kaza suke yi. Ba mu kaɗai jarabar gajeriyar hanya ke kamawa ba: a 2017 an janye miliyoyin ƙwai daga shagunan Turai bayan an gano sinadarin fifronil a cikinsu, wanda aka yi amfani da shi a gonakin kaji na Holan da Beljiyam don kashe wannan jar ƙumar dai. A nemi maganin da aka rubuta a jikinsa cewa na kaji ne, a bi ma'aunin ruwan da aka faɗa ba ƙari ba ragi, a tambayi likitan dabbobi kwana nawa za a ƙaurace wa cin ƙwan da naman. A kwashe mazubin abinci da na ruwa kafin feshi, a sa takunkumi da safar hannu. In an yi zagaye uku yadda ya kamata bai ci ba, a duba sunan sinadarin da ke ƙasan kwalba kafin a sayi wani, don sau da yawa abu ɗaya ne aka sauya wa riga.

Toka tana da amfaninta, kada dai a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. A haɗa ta da yashi mai laushi a tsohuwar taya ko daro, kaji su yi birgima su kakkaɓe na jikinsu. Ta zauna inda ruwan sama ba ya taɓawa, domin jiƙaƙƙiyar toka na cin fata. Ƙumar cikin tsaga kuwa ko a jikinta.

Bayan duk wannan wahala, da hannunmu muke sake shigo da ita. A sayo zakara a kasuwar Kawo ranar Talata, kafin la'asar an sake shi cikin kaji. A ari kiret ɗin ƙwai na kwali daga wani gida, ko a samo tsohon katako a Panteka a buga ba a wanke ba. Ga ɗakin tantabaru manne da akurki, ga sheƙar tsuntsaye a ƙarƙashin kwano. Sabuwar kaza ta yi kwana 14 a keɓe, a duba ta da tocila kafin ta shiga cikin sauran. Ni yanzu duk daren Juma'a sai na goga farin ƙyallena a ƙarƙashin sanda kafin in ja ƙyauren akurki.